Kafin a Ɗaure Kaya, a Tambayi Iskar Garin

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan tafiyar 'ya'yan wannan gari zuwa ƙasashen ƙetare, aka kuma bar mana zaɓin ɓangaren da za mu kama. Mun zaɓi wanda muka lura ba a cika tayar da shi ba idan dangi sun zauna shawara, wato iskar garin da mutum zai je ya daɗe a cikinsa.

Shekarun baya, in aka ce wane ya ƙetare, to ko dai ya tafi sauke farali, ko kuwa gwamnati ta tura shi kwas Ingila. Yanzu kuwa a cikinku nan akwai masu 'ya'ya a jami'o'in Indiya da Masar da Malesiya da Sin, akwai waɗanda suka yi jinyar iyaye wata uku ko huɗu a asibitocin waje, akwai 'yan kasuwar da rabin shekararsu a Dubai ko Gwanzu take ƙarewa, akwai kuma iyayenmu mata da ake ɗauka zuwa Landan ko Amurka su taya 'ya'yansu zaman jego. In za a yi irin wannan tafiya akan tambayi kuɗin makaranta, da canjin dala, da biza, da tsaro, da inda za a sami abincin halal. Duk tambayoyi ne masu kyau. To amma kuka da daddawa da yaji ana cika akwati da su, ruwa ana sayensa a gora, iska kuwa sai wadda aka tarar. Babban mutum yakan yi numfashi wajen sau 20,000 a kwana guda, ya zuƙi iskar da ta haura lita 10,000. Baƙon mako ɗaya zai iya daurewa ya dawo da ɗan tari. Ɗalibin shekara huɗu, ko dattijon da aka yi wa aikin zuciya yake zaman murmurewa, lissafinsa daban ne.

Bari mu fara da abin da ake aunawa. Mu mutanen arewa mun san hazo, mun san yadda yake tasowa da hunturu daga sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ya rufe gari har jirgin sama ya kasa sauka. Wannan sabo da hazo ya sa muna ɗaukar cewa gurɓatacciyar iska ita ce wadda ido ya gani. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan fage dai ido yakan yi kuskure. Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne wasu ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, waɗanda sai an jera wajen 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Daga hayaƙin mota da masana'anta da kwal da itace da ƙona shara suke fitowa, wani kaso kuma daga ƙura. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci da maƙogwaro kan tare su, a yi atishawa ko kaki a fitar. Waɗannan ƙanana kuwa wucewa suke yi har ƙuryar huhu, su tayar da kumburin da ke taɓa jijiyoyin jini, shi ya sa ɓarnarsu ba ta tsaya ga asma da tari ba, ta haɗa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin ɗaki, tana jawo mutuwar mutane wajen miliyan 7 a kowace shekara.

Ana auna su da maikirogiram a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Ba sai mun wahalar da kanmu da sunan ma'aunin ba, lamba biyu kawai za mu riƙe. A shekarar 2021 hukumar ta tsayar da cewa matsakaicin shekara kada ya wuce 5, na kwana guda kuma kada ya wuce 15. Kafin nan, tun 2005, iyakar 10 ce da 25; da bincike ya ƙaru sai aka ga ko wancan ɗin ma yana cutarwa, aka rage.

Wani kamfanin ƙasar Suwizalan mai suna IQAir yakan tattara awon tashoshi daga sassan duniya ya fitar da rahoto duk shekara. A rahotonsa na shekarar 2023 ƙasashe 7 kacal suka cika wancan sharaɗi na 5: Ostireliya, Niyu Zilan, Finlan, Estoniya, Aislan, Girenada da Morishus. Wanda ya taɓa buɗe taswira zai ga abin da ya haɗa su: yawancinsu tsibirai ne, ko ƙasashen bakin teku masu ƙarancin jama'a da yawan kaɗawar iska. A ɗaya ƙarshen kuma Bangaladash ce da kusan 80, Pakistan 74, Indiya 54, sannan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar suna sama da 40 kaɗan. Sai dai a lura da wani abu. Maƙwabciyarmu Cadi ita ce ta zo kan gaba a rahoton 2022, ba ta fito ba sam a na 2023, ta kuma sake zuwa kan gaba a na 2024 da sama da 90. Iskarta ba ta gyaru a tsakani ba, awon ne bai samu ba. Saboda haka in ba a ga sunan gari a jerin masu gurɓata ba, a fara bincikawa ko akwai na'urar awo a garin tukuna.

To, jama'a, mun san ba Aislan ake kai marar lafiyarmu ba, ba kuma a Girenada yaranmu ke karatun likita ba. Aljihu da biza su ke zaɓar mana ƙasa. Abin da ya rage a hannunmu, wanda kuma ya fi sunan ƙasa tasiri, shi ne wane birni, wane wata, wace unguwa.

Indiya ce za ta fi bayyana mana wannan, kuma a kanta za mu ɗan daɗe, domin can ne marasa lafiyarmu suka fi nufa. Birnin Delhi, da garuruwan da suka manne masa irin su Gurgaon da Noida da Faridabad inda manyan asibitoci da yawa suke, yana zaune a wani shimfiɗaɗɗen fili mai nisa da teku, duwatsun Himalaya kuma sun tokare shi ta arewa. Matsakaicinsa na shekara ya haura 90 a 2023 da 2024, wato ninki 18 na abin da aka yarda da shi. Amma ko wannan lamba ɓoye gaskiya take yi, domin shekarar ba ɗaya take tafiya ba. Daga Yuli zuwa Satumba damina tana wanke sararin sama, iska ta yi dama-dama. Da Oktoba ta raba, manoman jihohin Punjab da Haryana sukan girbe shinkafa, kuma da yake kwanakin da suka rage musu kafin shukar alkama kaɗan ne, sai su cinna wa ragowar karan wuta a gonaki. Iska ta kwaso hayaƙin ta kawo birni, ya haɗu da na motoci da na masana'antu da ƙurar gine-gine, ga kuma wasan tartsatsin wuta na bikin Diwali da ke faɗowa a wannan tsakani. A cikin Nuwamba akan sami ranakun da awon ya haura 300, ninki 20 na iyakar kwana guda. A Nuwambar 2019 hukumomi sun ayyana dokar ta-ɓaci ta fuskar lafiya suka rufe makarantu, a Nuwambar 2024 ma an sake rufe su. Haka abin yake a Lahore ta Pakistan, domin fili ɗaya suke, hayaƙi kuma ba ya neman biza.

Me ya sa hayaƙin ba ya tashi ya tafi? Wannan darasin labarin ƙasa ne na 'yan aji shida, kuma kun sha ganinsa a nan gida. A ƙa'ida iskar da ke kusa da ƙasa ita ce mai ɗumi, sai ta yi sama ta tafi da hayaƙi. Amma a daren sanyi da babu kaɗawar iska, ƙasa takan huce, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta hau bisanta ta zauna kamar faifai a bakin ƙwarya. Ku tuna safiyar hunturu a garin nan, yadda hayaƙin murhu yake kwanciya a kan soraye ya ƙi tashi sai rana ta ɗaga. To ku ɗauki wannan ku ɗora a kan birnin da mutanensa suka haura miliyan 30, faifan kuma ya kwana ya wuni har mako guda ba a ɗaga ba.

Yanzu ku dubi kudancin wannan ƙasa ɗaya. Chennai tana bakin teku, Kochi ma haka, Bengaluru kuma tana kan tudu. Awonsu na shekara bai kai rabin na Delhi ba, ba su da irin wancan sanyi mai danne hayaƙi, kuma su ma suna da manyan asibitoci da jami'o'i. Su ma ba su cika sharaɗin 5 ba, amma tazarar da ke tsakani ita ce tazarar mai asma ya yi barci ko ya kwana a zaune. Ra'ayinmu shi ne, wanda za a kai domin ciwon zuciya ko huhu, ko wanda za a yi wa dashen ƙoda ya zauna watanni jikinsa ba ƙarfi, in aikin da ake nema ana yinsa a kudu, a nemi kudu. In kuma lallai sai Delhi, kuma ciwon mai jira ne, a roƙi likita ya duba ko za a iya kauce wa tsakanin ƙarshen Oktoba da Janairu. Mun ce mai jira. Ciwon gaggawa ba a ɗaga shi saboda iska, wannan hukuncin likita ne. Abin da ke ba mu takaici shi ne dillalan da ke haɗa mutane da asibitoci da makarantu sukan nuna hoton gini mai ƙyalli a ƙarƙashin sararin sama garau, ba sa faɗin watan da aka ɗauki hoton.

Kowane gari da lokacinsa. Alƙahira, ban da hayaƙin motocinta na kullum, tun ƙarshen shekarun 1990 ta san abin da mutanenta ke kira baƙin gajimare, wanda ke zuwa a Oktoba da Nuwamba sakamakon ƙona karan shinkafa a gonakin bakin kogin Nilu, ko da yake ya ragu tun da aka shiga tattara karan ana sarrafa shi. Tsakanin Maris da Mayu kuma akwai guguwar ƙura mai zafi da suke kira hamasin, sunan da kunnen Bahaushe zai gane daga hamsin. Iskandariyya da ke bakin Bahar Rum ta fi samun kaɗawar iska. Malesiya kuwa mafi yawan shekara ruwan sama na wanke ta, amma a shekarun fari, kamar 1997 da 2015 da 2019, gobarar dazuzzukan Indunisiya ta lulluɓe ta da hayaƙi wajen Agusta zuwa Oktoba har aka rufe makarantu. A Dubai da maƙwabtanta ƙurar sahara ce ke haɗuwa da hayaƙin mai da gas. Sanyin na'ura a cikin manyan kantuna shi ke sa baƙo ya manta da abin da ke waje.

Ƙasar Sin ta cancanci a yi mata adalci, domin wanda ya tsaya a labarin da ya ji shekara goma da suka wuce zai yi mata ƙazafi. A 2013 matsakaicin Beijing ya kusa 90. A 2024 ya sauko wajen 30, bayan an kawar da tukwanen kwal daga birnin an kuma matsa wa masana'antu. Duk da haka bambancin arewa da kudu yana nan. Biranen arewa, inda wasu yaranmu ke karatun likita da injiniya, suna da sanyi mai tsanani, ana ɗumama gidaje daga Nuwamba zuwa Maris, kwal kuma yana da babban kaso a wannan aiki. Gwanzu ta 'yan kasuwa tana kudu kusa da teku, awonta ashirin ne da 'yan kai.

Kada kuma wani ya ce ai shi Turai za shi, magana ta ƙare. Arewacin Italiya, inda Milan da Turin da Brescia suke, kwari ne da duwatsu suka kewaye, kuma yana cikin wuraren da iskarsu ta fi muni a yammacin Turai lokacin sanyi. A Folan har yanzu gidaje da dama da kwal suke ɗumi, abin da ya sa birnin Krakow ya haramta ƙona kwal da itace a 2019. Landan kanta ta ɗanɗana: a Disambar 1952 hayaƙin kwal ya kwanta mata kwana biyar, aka fara ƙirga mutum 4,000 da suka mutu, daga baya bincike ya kai adadin wajen 12,000, wanda ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. Ko ƙasashen da ake yabo suna da ranar baƙin cikinsu: gobarar daji ta turnuƙe Sydney da Canberra a ƙarshen 2019 da farkon 2020, ta Kanada kuma ta mai da sararin New York ruwan goro a Yunin 2023. Bambancin dai shi ne wannan na kwanaki ne ko makonni, wancan kuwa na kowace shekara ne.

In an tsayar da birni, saura unguwa da ɗaki, kuma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi faɗawa, domin gidan da ya fi araha sau da yawa shi ne na bakin babbar hanya. A 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma ta rasu a kudancin Landan. Gidansu 'yan mitoci ne daga wata babbar hanya mai cunkoso. A Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya yi ajalinta, karo na farko da aka rubuta haka a Birtaniya. Masu bincike sun nuna cewa hayaƙin babbar hanya ya fi ƙarfi a cikin mita 300 zuwa 500 daga bakinta, kuma yana raguwa sosai da an ɗan matsa. Tafiyar minti biyar a ƙafa ke nan. A nemi ɗakin da tagarsa ke kallon bayan gida, a guji maƙwabtaka da tashar manyan motoci da masana'anta da filin jirgi.

Cikin ɗakin ma abin dubawa ne. A ƙasashen sanyi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun fi sauƙin haya, su ne kuma matattarar danshi da fumfuna. A garin Rochdale na Ingila wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Disambar 2020, bincike ya tabbatar da cewa fumfunar bangon gidansu ce ta lalata masa numfashi. In an shiga duba ɗaki a leƙa bayan kabad da kusurwar banɗaki, a kuma yarda da abin da hanci ya ji. Sannan muna roƙon iyayenmu mata, da girmamawa: kaskon turaren wuta da ya dace da ɗakinmu mai buɗaɗɗiyar taga da tsakar gida bai dace da ɗakin da aka toshe kowace kafa saboda sanyi ba, balle ga jariri a ciki. Garwashin gawayi kuwa kada a kusantar da shi ɗaki ko kaɗan, domin yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ku mazauna birni kuka san irinta daga janareta. Duk gidan da ake ɗumama shi da gas a tabbatar akwai 'yar na'urar da ke ƙara idan wannan guba ta taru; ba ta da tsada.

Ruwa ba za mu tsawaita a kansa ba. Mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ita ce kuma ta shiga ruwan famfon garin Flint na Amurka daga 2014, ta hanyar tsofaffin bututu. Mai shiga tsohon gida da ƙananan yara ya tambayi irin bututun, ya kuma sani tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya fitar da dalma; sai matata da aka yi domin haka.

Yaya za a bincika tun daga nan? Wayar da ke aljihun kowannenku ta isa. A rubuta sunan birnin a shafin IQAir ko makamancinsa, amma kada a tsaya ga awon ranar, a nemi na wata-wata na shekarar da ta gabata, a dubi watan da ya fi muni. Za a ga launuka: a ma'aunin Amurka kore shi ne 0 zuwa 50, rawaya zuwa 100, ruwan lemo zuwa 150 wanda ke nufin masu rauni su yi hattara, ja zuwa 200, abin da ya wuce nan kuma kowa na cikin haɗari. Sai dai Indiya da Sin suna da nasu ma'aunin mai sassauci, ta yadda abin da wani ya kira ja wani zai kira shi matsakaici, don haka lambar PM2.5 ɗin kanta ita ce abin riƙo, a gwada ta da 5 da 15 ɗin nan. Ofisoshin jakadancin Amurka sun daɗe suna wallafa awon biranen da suke, amma sun dakatar a Maris na 2025, abin da ya rage bayanan wasu garuruwa, musamman a Afirka da Asiya. Bayan waya kuma a nemi ɗan gida da ya shekara a can, kada a tambaye shi ko garin na da daɗi, domin zai ce lafiya lau. A tambaye shi ko an taɓa rufe makarantu saboda hayaƙi, a wane wata ne, kuma wace unguwa ce masu hali suke gudu.

Wanda kuma zaɓi ya ƙwace masa, gurbin karatu ko gadon asibiti ya faɗo a birni mai hayaƙi, akwai abin da zai rage. Na'urar tace iska mai matatar HEPA a ɗakin barci tana rage ɓurɓushin sosai in an rufe ƙofa da taga, a kuma sa kuɗinta cikin kasafin tafiya tun farko. Takunkumin da ke aiki shi ne N95 ko FFP2 wanda ya kama fuska. Na yadi da shuɗin nan na asibiti iska na shiga ta gefensu. A rage fita da sassafe da bayan magariba a watannin sanyi, lokacin da faifan nan ke rufe, a bar motsa jiki sai rana ta take. Mai asma ya tafi da maganin shaƙarsa wadatacce da takardar likitansa, kuma in hutun makaranta ya dace da watan hayaƙi, kuɗin jirgin dawowa gida ko na komawa wani gari na bakin teku bai zama almubazzaranci ba.